Tsofaffi da Sufuri a Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar

Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar tana cikin masarautar Gumel, kuma galibin jama'arta manoma ne na gero, wake da riɗi. Da zarar an kammala kaka, matasa da yawa kan tafi cin rani birane, a bar dattawa da kula da gida da dabbobi.

Babbar matsalar waɗannan dattawa ita ce sufuri. Hanyoyin ƙauyuka da dama rairayi ne, abin hawa kuwa babur ne ko amalanke. Tsohon da ba ya iya jure wa babur ba ya zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis; tilas ya ba wani akuyarsa ya sayar masa, ya karɓi abin da aka kawo. Haka nan zuwa babban asibitin Gumel, sau da yawa sai ciwo ya tsananta.

A 2018 aka sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Muna kira ga kansiloli da dagatai su riƙe sunayen tsofaffin mazaɓunsu, musamman waɗanda ba su da mai kai su asibiti.