Labarin Dorugu, Yaron Da Ya Fita Daga Bauta

Ya ku 'yan makaranta, musamman ku na Katuru da Shinkafi da Zurmi da Kauran Namoda, yau ga labarin wani yaro ɗan'uwanku wanda ya ratsa ƙasarku a shekara ta 1853. Ba almara ba ce, gama shi da bakinsa ya faɗe shi aka rubuta.

Sunansa Dorugu. An haife shi a Dambanas, kusa da Kance cikin ƙasar Damagaram, wajen shekara ta 1840. A zamanin nan talaka ba ya barci da ido biyu, don sarki in bashi ya taso masa sai ya aika da dawaki su fāɗa wa ƙauye, a koro mutane kamar tumaki. Haka ta sami Dorugu tun bai balaga ba. Aka raba shi da ubansa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har aka kai shi Kukawa, babban birnin Barno. Allah Sarki! Yaro ya zama haja, ana duba haƙoransa kamar na doki.

A Kukawa ya haɗu da Turawa biyu 'yan Jamus waɗanda Gwamnatin Ingila ta aiko su ga ƙasashe. Ɗaya Dokta Barth, wanda mutane suka sani da Abdulkarim, ɗaya kuwa Overweg, wanda ake kira Tabib. Tabib ya fanshi Dorugu da wani yaro Bamargi mai suna Abbega, ya 'yanta su. Amma ba a daɗe ba ya rasu a bakin tafkin Cadi cikin watan Satumba 1852, yaran suka koma hannun Abdulkarim.

To, sai ku lura, 'yantawa a wancan zamani ba ta hana a sake kama mutum. Yaron da ba shi da uba, ba shi da ubangida, in ya fita bayan ganuwa shi kaɗai, wanda ya fara ganinsa shi ke da shi. Saboda haka da Abdulkarim ya tashi zuwa yamma, suka bi shi. Suka bi ta Zinder da Katsina, cikin watan Maris 1853 suka shigo Zamfara, suka wuce Zurmi da Badarawa. Lokacin nan yaƙi bai kwanta ba tsakanin Gobirawa da Sakkwatawa, kowane gari da ganuwarsa. Dajin Gundumi kuwa sai da suka yi sa'a 26 suna tafiya cikinsa ba zango, don tsoron mahara. Da an tare su a nan, da Dorugu ya koma cikin mari. Allah Ya kiyaye, suka iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu.

Daga nan suka kai Tambutu cikin Satumba 1853, suka komo Barno, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus a 1855, suka shiga jirgin ruwa, daga baya suka isa Ingila. A can wani malamin mishan, J. F. Schön, wanda ya daɗe yana ɗokin Hausa, ya ɗauki Dorugu gidansa. Yaro yana magana, malami yana rubutawa: tatsuniyoyi, da kalmomi, da labarin kama shi, da abin mamakin da ya gani a ƙasar Turawa. Da taimakonsa Schön ya fitar da littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Kun ga, wanda aka yi cinikinsa da wuri, ga shi bakinsa ya zama makarantar masana.

Dorugu ya komo ƙasarmu a 1864. Abbega ya riga shi dawowa, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Shi kuwa Dorugu a ƙarshen ransa ya zauna Kano, ya yi aikin koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, ya rasu a can a 1912. Bai mutu ba sai da ya ga dokar 1901, wadda ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Sauran bautar kuwa doka ba ta kashe ta duka ba sai a 1936.

Amma kada ku manta, Dorugu ɗaya ne cikin dubbai. Sauran yaran da aka kora tare da shi ba wanda ya san sunansu, don ba su sami mai rubuta musu ba. Ku da Allah Ya ba alƙalami, in kun je gida hutu, ku zauna gaban tsofaffi, ku tambaye su abin da suka ji daga kakanninsu game da wancan zamani, ku rubuta. Magana iska ke ɗauke ta, amma tawada in ta bushe, ta zauna ke nan.