Yadda Ostareliya Ta Sayi Bindigogin Mutanenta

Ostareliya ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, teku ya kewaye ta ko ta ina, tana can kudu maso gabas da Asiya. Turawan Ingila sun fara zama cikinta a shekara ta 1788, da bindiga kuwa suka shiga, da ita suka ture mutanen ƙasar na asali daga wurarensu, da ita kuma suka yi ta fama da namun daji. Har wa yau manomi ko makiyayin tumaki a can ba ya ɗaukar bindiga wani abin mamaki. Kayan aiki ce a gare shi, kamar yadda fartanya ta ke ga mai noma: da ita ya ke harbin zomaye da aladun daji masu ɓarna, da ita ya ke hutar da dabbar da ta karye.

A cikin 1901 jihohi shida na ƙasar suka haɗu suka zama Tarayya, amma ikon yin dokar bindiga ya zauna a hannun jihohi, kowace da tata. Wata ta tsananta, wata ta sassauta. To, tun da ba a binciken kaya a kan iyakar jiha da jiha, abin da aka hana mutum a gida sai ya je maƙwabta ya sayo. Dokar jihar da ta fi sakaci ita ce ta zama dokar kowa.

Ba wai ba a san wannan aibi ba ne. A cikin 1987 an yi kisa biyu a birnin Melbon, wata huɗu tsakaninsu. A na farko ɗan bindiga ya kashe mutum 7, a na biyu wani ya kashe 8. Shugabannin jihohi suka taru don su daidaita dokokinsu, suka watse ba su shirya ba. Firimiyan jihar New South Wales, Barrie Unsworth, ya fito cikin ɓacin rai ya ce ba za a gyara dokar nan ba sai ran da aka yi kisan gilla a Tasmaniya, watau jihar da dokarta ta ke da sako-sako ƙwarai. Ya koma ya tsananta dokar jiharsa, masu bindiga suka yi masa ca, ya faɗi zaɓe a 1988. Sauran 'yan siyasa suka ga abin da ya same shi, kowa ya shafa wa gemunsa ruwa. Wani kwamiti na Gwamnati ya ba da shawara a 1990 a yi doka iri ɗaya a ƙasa duka, aka karɓi takardarsa aka ajiye.

Ran Lahadi, 28 ga Afrilu, 1996, maganar Unsworth ta tabbata. A Tasmaniya akwai wani wuri, Port Arthur, tsohon kurkuku ne na zamanin da Ingila ke turo fursunoninta, daga baya ya zama wurin da baƙi ke zuwa kallo. Wani saurayi mai shekara 28, Martin Bryant, ya shiga ɗakin cin abinci na wurin da jaka, ya ci abinci, sa'an nan ya zaro bindiga irin mai ɗura kanta, wadda ba a tsayawa gyara ta tsakanin harbi da harbi, sai dai a yi ta jan kunama. Cikin daƙiƙa 15 ya kashe mutum 12. Kafin a kama shi washegari, mutum 35 sun mutu, 23 sun sami rauni, cikin matattun har da ƙananan yara. Ba shi da lasin bindiga. Daga baya ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi rai da rai.

Firayim Minista a lokacin John Howard ne, bai cika wata biyu da kama mulki ba. Abin lura a nan shi ne, Howard ba daga cikin masu ƙin bindiga ya fito ba. Jam'iyyarsa ta masu ra'ayin riƙau ce, kuma tana mulki ne tare da wata jam'iyya, National, wadda ƙarfinta duk a karkara ya ke, wurin manoma da makiyaya, watau ainihin masu bindigogin. Duk abin da zai yi, mutanensa zai fara taɓawa. Duk da haka bai jira hankali ya kwanta ba, gama ya san in aka bar magana ta huce, za ta bi sawun ta 1987. Ran 10 ga Mayu, kwana 12 bayan kisan, Ministocin 'yan sanda na jihohi duka suka amince da yarjejeniya guda. Da waɗansu jihohi suka fara jan ƙafa wajen mai da ita doka, Howard ya ce zai kai maganar gaban jama'a su jefa ƙuri'a a ɗauke ikon daga hannun jihohi. Suka bi.

Yarjejeniyar ta hana farar hula riƙe bindigogi masu ɗura kansu da waɗansu makamantansu, sai 'yan kaɗan da aikinsu ya tilasta. Kowace bindiga sai an yi mata rajista, kowane mai ita sai da lasin, kuma mai neman saye zai jira kwana 28 kafin a ba shi izini. Tilas a ajiye bindiga a kulle, harsashi a wani wuri dabam. Amma sharaɗin da ya fi nauyi shi ne na dalili. Mai neman lasin sai ya nuna abin da zai yi da bindiga, ko noma, ko farauta, ko wasan harbi a ƙungiya sananniya, kuma aka rubuta a fili cewa tsaron kai ba dalili ba ne. A nan hanyar Ostareliya ta rabu da ta Amurka, inda tsarin mulki ya sa riƙe makami cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. A Ostareliya izini ne da hukuma ke bayarwa, tana kuma iya janyewa.

Saura bindigogin da ke hannun mutane, waɗanda jiya halal ne, yau an haramta. Gwamnati ba ta ƙwace su ba, saye ta yi. Aka ƙara ɗan haraji kan abin da kowa ke samu, na shekara ɗaya tak, aka buɗe wuraren karɓa, mutum ya kawo bindigarsa a yi mata kuɗi a biya shi. Daga Oktoba 1996 zuwa Satumba 1997 an tara wajen bindiga 650,000, aka lalata su. Wannan biyan diyya ba ƙaramar dabara ba ce, domin ya sa mai bindiga ya shigo a matsayin mai sayarwa, ba mai laifi ba.

Ko da haka, ba a sha da daɗi ba. Masu bindiga dubun dubata suka yi jerin gwano a Melbon. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce: suka ce mahaukaci guda ya yi ta'asa, ga shi an hukunta mutanen kirki da ba su taɓa karya doka ba, alhali ɓarawo ba zai kawo tasa bindigar ba. A watan Yuni Howard ya je garin Sale ya tsaya gaban taron masu fushi, da rigar sulke ƙarƙashin kwat ɗinsa bisa shawarar masu tsaronsa, abin da ya ce daga baya ya yi da-na-sanin sawa. Wanda ya fi shan wuya shi ne Mataimakinsa, Tim Fischer, shugaban jam'iyyar National, wanda ya bi ƙauyuka yana kare dokar a gaban mutanen da suka zaɓe shi. A jihar Queensland Firimiya Rob Borbidge, ɗan jam'iyyar nan, ya goyi bayan dokar, ya rasa mulki a zaɓen 1998, shi da kansa kuma ya lissafta dokar cikin abubuwan da suka kā da shi.

Shin dokar ta yi amfani? A nan masana suka rabu. A 1996 mutanen da bindiga ta kashe a ƙasar sun haura 500. Bayan shekara 20 ba su kai rabin haka ba, ko da ya ke jama'a ta ƙaru. Mafi yawan waɗannan kuwa ba wani ne ya harbe su ba, su ne suka kashe kansu, kuma a nan ne raguwar ta fi yawa. Masu shakka suka ce lissafin ya riga ya fara sauka tun kafin 1996, don haka ba a iya cewa dokar ce kaɗai ta saukar da shi. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wani lissafin da ya fi wuyar turewa. Cikin shekara 18 kafin dokar an yi kisa 13 irin wanda a ke harbe mutum 5 ko fiye a lokaci guda. Bayan dokar aka yi shekara 22 ba a ga irinsa ba, sai a 2018, sa'ad da wani ya harbe iyalinsa a wata gona a yammacin ƙasar.

Da shekaru suka tura, waɗansu jihohi suka riƙa sassauta nasu sharuɗɗan kaɗan kaɗan, masu lasin kuma suka yi ta ƙara saye, har bindigogin da ke ƙasar suka haura miliyan 4, fiye da na kafin Port Arthur. Rajista guda ta ƙasa duka, wadda aka yi magana a kanta tun 1996, ba a tsai da shawarar kafa ta ba sai a Disamba 2023, bayan an harbe 'yan sanda biyu da wani maƙwabci a Queensland a 2022. Ran 14 ga Disamba, 2025, wani mutum da ɗansa suka buɗe wuta kan Yahudawa masu bikin addininsu a bakin tekun Bondi, a birnin Sidni, suka kashe mutum 15. Uban yana da lasin, da bindiga 6 a kansa. Kafin mako ya kewayo, Firayim Minista Anthony Albanese ya ba da sanarwa cewa Gwamnati za ta sake sayen bindigogi daga hannun jama'a.