Dogo Ya Zo Neman Auduga, Ya Koma Da Gyaɗa

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, mu leƙa tarihi. Abin da ya jawo haka shi ne, ran nan ina tafe da ɗana ta wajen Bompai muka tsallake layin dogon nan da ya nufi Nguru, ciyawa ta kusa rufe shi, sai ya tambaye ni, "Baba, wa ya shimfiɗa wannan ƙarfen, kuma don me?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ni kaina rabin amsar na sani, alhali a Dakata na girma, a kan ƙarfen nan muka yi wasa muna yara. Kunyar da na ji ita ta sa na shiga tambaya da karance-karance.

Shi dai jirgin ƙasa mai tafiya da tururi a Ingila aka fara shi. A 1825 aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington, a 1830 kuma na Libaful zuwa Manchesta. Aikinsa ba wani sihiri ba ne: a hura kwal, ruwa ya tafasa a tukunya, tururi ya tura ƙarfe, ƙarfe ya juya ƙafafu. To ita Manchestan nan a wancan zamanin garin masaƙu ce, kullum cikin yunwar auduga take. Mai karatu ka riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Turawa sun ci Kano a 1903. Lugga ya so a ja dogo tun daga bakin kogin Kwara har Kano, amma kuɗi ya hana. Sai a 1907 gwamnatin Ingila ta amince, aka turo Percy Girouard ya zama Gwamnan Arewa. Shi injiniyan dogo ne, ya taɓa irin wannan aiki a Sudan. Aka fara daga Baro, inda jiragen ruwa ke sauke ƙarafa idan kogi ya cika, aka bi ta Minna, Kaduna da Zariya, tafiyar mil 350 da ɗoriya. A 1911 ƙarfe ya iso Kano zamanin Sarki Abbas, a 1912 aka buɗe shi ga jama'a. A Minna ya haɗe da layin da ya taso daga Ikko, ko da yake a Jebba sai an ɗora taragai a jirgin fito, kafin a gama gada.

Su wa suka yi aikin? Kakanninmu ne. Diban ƙasa ake ce masa. Bature ya gaya wa sarki, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci kuma ya kama talaka. Da kwando a ka aka yi ta jidar ƙasa ana cike kwari ana sare tudu. Ana ɗan biyan lada, amma ba da son rai mutum yake zuwa ba, kuma gonarsa tana can ba mai nomawa. Duk wanda ya tsallake layin nan ya san gumin talaka yake tsallakewa.

Yanzu mu koma kan auduga. Masu masaƙun Ingila suna da ƙungiyar noman auduga, BCGA, kuma sun sa rai cewa da zarar dogo ya iso, audugar ƙasar Hausa za ta kwarara zuwa Manchesta. Abin da suka manta shi ne Kano ma garin saƙa ce da rini. Masaƙanmu suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature yake tayi, don haka manomi bai ga dalilin kai masa ba. Ana cikin haka sai ga kamfanonin Turai suna neman man gyaɗa don yin sabulu da man shafa wa burodi. Manomin Kano ya yi lissafinsa. Gyaɗa tana son jigawa irin tamu, tana biyan haraji da kuɗin Bature, in kuma kasuwa ta faɗi ka ci abarka ko mata su yi ƙuliƙuli. Auduga fa, wa zai dafa ta?

Fatake su ma ba su yi barci ba. Mutanen da suka saba tafiyar watanni zuwa Gwanja fataucin goro, su ne suka shiga ƙauyuka suna ba da bashi da gishiri da tufafi, a biya su da gyaɗa in kaka ta yi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! A 1911 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 2,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000. Buhuna suka taru a tasha har jirgi ya kasa kwashewa. Cikin waɗannan fatake ne Alhassan Ɗantata ya fito, ya zama babban dillalin kamfanin Neja, kuma sunansa ya haɗu da dalar gyaɗa har gobe.

Sai dai ba kowa ne ya yi dariya ba. Larabawan Gadamas da ke jan ayarin raƙuma zuwa Tarabulus da fatu da ƙiraga, kasuwarsu ta mutu, don fata ta gane hanyar Ikko ta fi kusa kuma ta fi arha. Kano da ta yi ɗaruruwan shekaru tana duban hamada, sai ta juya ta koma duban teku. Sannan damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar 1914 wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, mutane da yawa suka rasu. Dogo yana nan a lokacin, amma ba don cikin talaka aka shimfiɗa shi ba.

Garin ma ya sake kama. Akawuna da leburori da suka biyo jirgi daga Kudu aka ba su Sabon Gari. Kwarori suka kafa kantuna, har muka samu Kantin Kwari. Kwal ɗin Inugu ya zama abincin injuna. A 1929 wani reshe ya kai Ƙaura Namoda daga Zariya, a 1930 namu ya kai Nguru, ya ratsa Ringim da Malam Madori yana kwasar gyaɗa. Da aka tashi kafa masana'antu, sai aka nemi kusa da dogo: Bompai da farko, daga baya Sharaɗa da Challawa a kan hanyar Kudu. Ma'aikatan Bompai su suka cika Dakata. Mahaifina yana cikinsu, a wani kamfanin matse gyaɗa ya yi aiki har ranar da aka sa masa kwaɗo. Ke nan ba don ƙarfen nan ba, da wataƙila ba a nan aka yanke mini cibiya ba.

Injin dizal ya kori mai kwal, fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin man fetur suka rushe dala, tireloli suka ƙwace kayan jirgi. A 2021 kuma aka aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wato ta fuskar da raƙuma suka bari. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, me za mu ɗora masa? Kakanninmu ba su je boko ba, ba a kuma yi shawara da su ba, amma su suka zaɓa wa jirgin Bature kayan da zai ɗauka. Mu da kamfanoninmu da dama suka zama kango, in ba mu noma ba mu saƙa ba mu jeme ba, jirgi zai zo mana cike da kayan wasu ya koma wayam.

Wannan ita ce amsar da na ba ɗana. Duk wanda kakansa ya ba shi labarin diban ƙasa ko na jirgi mai kwal, don Allah ya rubuto mu ƙaru. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ci gaba da littafinmu daga inda muka tsaya. Wassalam.