Yadda Asibiti Ya Yi Nisa, Waya Ta Matso: Zare Kan Tudun Wadan Zariya

1/ Jama'a, yau tarihin wayar salula da harkar lafiya nake so mu taɓa, kuma daga Tudun Wadan Zariya zan kalle shi. Dalilina: a shekarun da salula ke shiga hannun talaka ne babban asibitinmu ya tashi daga unguwa. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Yaran yanzu ba za su gane ba. Kafin 2001 Nijeriya gaba ɗaya layukan tarho ba su kai rabin miliyan ba, kusan duk a hannun NITEL. Lambar Zariya 069 ce. Wayar girke sai ofisoshi da gidajen manya. In mutum ya kwanta rashin lafiya, yaro ake tasa a keke, ko a ba direba wasiƙa a tasha, in abin ya zo da ƙarar kwana kuma a kai sanarwa gidan rediyon Kaduna.

3/ Amma mu 'yan Tudun Wada muna da gata guda. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a nan cikinmu yake. Mutanen Katsina da Funtua da Gusau su ne ke shan hanya. Mu kuwa ko naƙuda ce ta tashi da tsakar dare, tafiyar 'yan mintoci ce.

4/ Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci, kira kuma naira 50 minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai 2003 da Glo ta zo da lissafin daƙiƙa farashi ya fara karyewa. Nan aka samu masu lema da teburi a bakin titi, ka biya ka kira.

5/ A 2005 asibitin koyarwa ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika, can gaba da Samaru a hanyar Funtua. An bar wasu sassa a Tudun Wada, amma manyan ayyuka sun tafi. To ka ga lissafi ya canza. Yanzu kafin ka ɗauki tsohuwarka ka biya kuɗin mota, kana so ka san: likitan yana nan? Akwai gado? Ana yajin aiki?

6/ A ganina wannan ne ainihin farkon kiwon lafiya ta waya a wajenmu, ba wata manhaja ba. Lambar wata nas 'yar unguwa. Lambar mai tasi da ba ya kashe waya da dare. Lambar abokin da jininku ɗaya. Da filashin, wanda marar kati ke yi wa mai kati. Ba gwamnatin da ta tsara wannan, ba wata ƙungiyar Turawa da ta ba shi suna, shi ya sa ba kasafai ake sa shi a rahoto ba.

7/ Illarsa kuwa a fili take: wanda ya san wani a ciki shi ke da lamba. Baƙauyen da ya taso daga Giwa ko Soba bai san kowa ba, yana nan yadda yake, sai dai ya zo ya gani da idonsa.

8/ Na hukuma ya biyo baya. A 2010 NAFDAC ta fito da tsarin tantance magani ta tes. Ka kankare wani ɗan fili a jikin kwalin, lamba ta fito, ka tura ta 38353 kyauta, a amsa maka ko na gaske ne ko jabu. An fi ganinsa a jikin magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Dabara ce mai kyau, don ko da ƙaramar Nokia tana aiki.

9/ Sai dai ku tuna da My Pikin, maganin haƙoran jarirai na ƙarshen 2008. An samu gubar da ke kashe ƙoda a cikinsa, gwamnati ta ce yara 84 suka rasu, kuma asibitin koyarwa na Zariya na cikin wuraren da aka kwantar da su. Wannan magani ba jabu ba ne, daga masana'antarsa ya fito da gubar. Ko da akwai tsarin tes a lokacin, kwali zai tantance, ba abin da ke cikin kwalba ba. Ga kuma yadda muke sayen magani a kemis: ƙwaya biyu, ƙwaya huɗu, a ƙulle a leda. Ina kwalin da za ka kankare?

10/ Inda waya ta yi aikin da ya fi burge ni shi ne shan inna. A 2012 yara 122 cutar ta kama a Nijeriya, kusan duka a Arewa. Ana ta zagayen ɗigon rigakafi, takardu na cewa an gama, cuta kuma na ci gaba. Sai aka fara ba 'yan rigakafi wayoyi masu GPS. Ba kira ake da su ba. A jaka ake sawa, wayar na rubuta duk inda aka taka. Da yamma a karɓe su a ɗora sawun kan taswirar da aka zana daga hoton tauraron ɗan Adam. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin masu riƙe da wannan aiki.

11/ Nan asiri ya tonu. Aka ga lungunan da ba a shiga, da rugage da ƙauyukan da ma ba su cikin tsohuwar taswirar da ake zanawa da hannu. Amma wayar iyakarta ta ce an bi ta ƙofar gidan wane. Shigar ɗigon bakin yaro kuwa aikin matan nan ne masu shuɗin hijabi, da masu unguwanni da malaman da suka lallashi iyaye. An ga na ƙarshe a Borno a 2016, aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ranar 25 ga Agusta, 2020.

12/ Wayar da ke kawo magani ita ke kawo ƙarya. Wa ya manta Agustan 2014? Ebola na Legas, amma kafin asuba kira ya karaɗe gidaje har nan Zariya: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Mutane sun mutu a kan haka, wasu da dama aka kwantar. A daidai lokacin kuma, da wayoyin Android ma'aikata ke bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar, har aka tsayar da ita a mutum 20, takwas suka rasu.

13/ Yau an koma WhatsApp. Ka ɗauki hoton sakamakon gwaji ka tura wa ɗan uwa likita, ko ka ga an watsa a guruf ana neman jini cikin gaggawa a Shika. Yana ceton rai, na yarda. Amma don Allah a riƙa rufe suna da fuskar marar lafiya. Na sha ganin takardar gwajin matar aure tana yawo a guruf ɗin mutum ɗari biyu da sunan neman taimako.

14/ A ƙarshen Satumban 2021 aka katse sabis a wasu sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, sai ƙarshen Nuwamba aka maido. Wata biyu ke nan mutanen waɗannan yankuna suka koma zamanin aiken yaro, ga shi a lokacin an hana hawa babur.

15/ Shekara ta gaba, 2022, kamfanin Zipline ya fara aika magunguna da alluran rigakafi da jirage marasa matuƙi daga Pambegua a ƙaramar hukumar Kubau. Jirgin ya zo saman asibiti ya saki kwali da 'yar lema ya juya. Amma ba ya tashi sai an yi oda, odar kuma ma'aikacin lafiya ne zai tura ta daga wayarsa, in akwai sabis a garin, in kuma ya samu inda ya yi caji.