Kano: Birnin da Aka Gina da Ƙasarsa

Duk wanda ya tashi daga Ƙofar Nassarawa ya bi titin BUK zuwa Kabuga, zai riƙa wuce ƙofofi a hannunsa na dama ɗaya bayan ɗaya: Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya. Ƙofofin suna nan tsaye da fenti, sunan kowace a rubuce a goshinta. Abin da ya kamata ya haɗa su, wato badala, shi ne sai an ƙura ido. A wani wurin tudun jar ƙasa ne da ruwan sama ya zaizaye, a wani wurin shago ya jingina da ita, a wani wurin kuma babu ko alamarta, sai gidan bene.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara wannan gini. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa shi a ƙarni na 15, lokacin da ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Bayansa Muhammadu Nazaki ya ƙara. Zagayen ya haura mil goma, kuma ba gidaje kaɗai ya rufe ba, har da gonaki da makiyaya da duwatsun Dala da Goron Dutse, domin idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta ci mutane. Kowace ƙofa da sarkinta, da magariba ta yi a rufe. Sojojin Ingila da suka zo a watan Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato, sai da suka sa igwa kafin su shiga, kuma Gwamna Lugga da kansa ya rubuta cewa bai ga irinta ba a Afirka.

Amma daga ina aka samo ƙasar da ta isa wannan aiki? Daga nan cikin garin. Wannan shi ne abin da na fi so a tuna game da tsohuwar Kano. Ba a ɗauko ta daga wani wuri ba, daga ƙarƙashin ƙafafun mutanenta aka haƙo ta aka ɗora. Ramin da ke bayan ganuwa ƙasarsa ce ta zama ganuwar. Kududdufan da ke warwatse cikin unguwanni kuwa, kowane ɗaya ramin gidajen da ke kewaye da shi ne. A haƙi ƙasa, a zuba ruwa da ciyawa, a tattaka ta da ƙafa kwana da kwanaki har ta nuna, sannan a mulmula tubali a shanya a rana. Magini na zaune a kan katanga, yaransa na cilla masa tubali daga ƙasa yana cafewa. Rufi kuma da azarar giginya, wadda gara ba ta iya ci, a jera ta a lanƙwasa a fitar da bakan gizo, ko a yi ɗaurin guga a babban soro. Don kada ruwa ya shiga jikin gini sai a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda katsin karofi ke cikin haɗinsa. Ka ga ke nan har marinan Ƙofar Mata suna da hannu a rufin gidan maƙwabcinsu. Daga sama a kafa zankwaye, a sa indararo ya zubar da ruwa can nesa da gindin bango.

Irin wannan gida ba ya son sakaci. Kafin damina ta faɗi dole a yi yaɓe, a toshe tsaga, a duba indararo. Idan an kula da shi kuwa, jika zai gada daga kaka. Wanda ya taɓa shiga soron ƙasa da tsakar ranar bazara ya san sanyin da nake nufi, kuma da hunturu ɗakin nan ne dai ke riƙe ɗumi. Badala ma haka take. A zamanin sarakunan da, gayya ake yi mata, kowane yanki da ɓangaren da zai gyara. Tun da yaƙe-yaƙe suka ƙare aka daina gayyar, ita kuma ƙasa ba ta jiran kowa. Ruwa ya ci nasa, masu ɗibar ƙasar gini suka ci nasu, masu neman fili suka ƙarasa. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina wata a gurbinta. Ba na musun cewa titin ya yi wa motoci kaɗan, amma har yau ban gamsu cewa babu hanyar da za a ratsa gefe a bar ta ba.

Kududdufi bai samu ko irin jimamin da ake yi wa badala ba, don kowa na ganinsa matattarar sauro da shara. Gaskiya ne, ya zama hakan. Sai dai nan ne ruwan unguwa yake taruwa idan an yi kamar da bakin ƙwarya, kafin ya gangara Jakara. Yara na kamun tarwaɗa, masu gini na ɗibar ruwa. Da aka bi su ana cikewa da bola ana yanka filaye, ruwan bai fasa zuwa ba, wurin zama kawai ya rasa. Shi ya sa a watan Agusta za ka ga lungu ya zama rafi, ruwa ya shiga tsakar gida, katangar ƙasa ta jiƙa daga gindi ta faɗi. Sai a ce laifin ginin ƙasa ne, a kawo bulo da siminti.

A wajen ganuwa labarin ya fi sauri. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya jawo Sabon Gari da kantunan Turawa da na Kwara, wato Larabawan Sham, Fage ta cika ta batse. Gyaɗa ta kawo kuɗi, Alhassan Ɗantata da takwarorinsa suka yi suna, aka riƙa jera buhuna ana tayar da dala har ta kan kai buhu 15,000. Fari da cutar gyaɗa da kuɗin man fetur suka haɗu suka share su a shekarun 1970. A 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. A 1951 aka kammala sabon Masallacin Juma'a na cikin gari a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma a shekarar ce gobarar sinimar El Duniya ta ci rayuka sama da 300. Daga baya Falas da Oriyon da Filaza da Marhaba suka yi zamaninsu na fina-finan Indiya, su ma suka shuɗe. Da aka ƙirƙiri jiha a 1967, Audu Baƙo ya shimfiɗa tituna ya gina madatsar Tiga da gidan zu. Hayis ta yi yayinta tsakanin Bata da 'Yan Kura, acaɓa ta mamaye gari har aka hana ta a 2013, yanzu kuma A Daidaita Sahu ke bi ta ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa. Garin da Bature matafiyi Barth ya ƙiyasta mazaunansa da 30,000 a 1851 yau miliyoyi ne, kuma dole su samu wurin kwana da hanyar wucewa. Wannan ba abin kuka ba ne.

Abin da ke sosa min rai ya fi gada da titi ƙanƙanta, shi ne zaure. Mu da muka tashi a cikin gari mun san kowane gida da zaurensa, kuma ba a rufe shi. A nan malam ke biya wa yara allo da asuba, a nan maƙwabta ke haɗa kwanukan tuwo bayan isha'i a yi ciyayya, a nan ake raba goron suna, a karɓi gaisuwar mutuwa. Baƙon da dare ya yi wa ya san inda zai shimfiɗa tabarma. Haka aka zauna a Ɗandalin Turawa da Larabawan Gadamus, a Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa da Ayagi, unguwannin da sunayensu kaɗai sun isa su gaya maka cewa baƙi ne suka zo aka ba su masauki har suka zama 'yan gari. Yau idan magada suka raba gida, zaure ne farkon abin da ake fasawa a fitar da shago. A sababbin unguwanni kuwa tun daga zane babu shi, sai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Dattijon da ya saba zama a dakali yana amsa gaisuwar masu wucewa, yanzu yana ciki, ba wanda ya san ko lafiya ya kwana.

Akwai sauran abin gani. Gidan Makama na nan, ana ajiye kayan tarihi a ciki. Gidan Ɗan Hausa na nan a Nassarawa, inda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausan, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909. Sorayen Gidan Rumfa na nan da adonsu, karofin Ƙofar Mata bai mutu ba, kuma a lungunan Kurmi har yanzu ana jin ƙanshin fata da kayan yaji. Sai dai mafi yawan waɗannan gine-gine na ƙasa ne, kowace shekara suna buƙatar hannun wanda ya san yadda ake kwaɓa ta da yadda ake ɗaura azara. Tsofaffin magina suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma ɗora bulo, don nan abinci yake, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Idan hukumar tarihi da masarauta suna son Gidan Makama ya kai wa jikokinmu, to a nemo sauran maginan da ke raye tun yanzu, a ba su aiki na dindindin a kan abin da ya rage na badala, a haɗa kowannensu da yaran da za su koya ana biyansu.