Teburin Shayi ko Gonar Shayi: Abin da Tarihin Fatake Ya Koya Mana

A taron da muka yi kan kuɗin asusun ƙungiya, matasanmu sun kasu biyu. Wasu suka ce a raba jari a kafa teburan shayi a tasha da bakin kasuwa. Wasu kuma suka ce tun da kullum kuɗinmu na tafiya waje wajen sayen ganyen shayi, gara mu nemi fili mu noma abinmu. Ba a tsai da magana ba ranar. Tun da waiwaye adon tafiya ne, muka ga ya dace a wannan biki mu duba yadda magabata suka yi da irin wannan tambaya.

Kafin shayi, goro ne ya kawo kakanninmu wannan ƙasa. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su bi ta Borgu da Mango da Yendi har Salaga ta ƙasar Gwanja. Tafiyar kan ci watanni. Goron da suke nema ba a Salaga yake fita ba, daga dazuzzukan Asante ake kawo shi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna a wannan fatauci ba tare da sun dogara da dashen itacen goro ba, domin itacen ba ya son ƙasa mai dogon rani. Jarinsu sanin hanya ne da amanar mai masauki. Ba za mu ɓoye ba, a kasuwar Salaga har bayi an sayar, kuma wannan tabo ne a tarihin.

Amma mai dogara da hanya yana da nasa haɗari. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, Gwanja ta fita daga hannun Asante, goro ya rage zuwa Salaga. A 1892 yaƙin basasa ya watsa garin, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Krachi da Yendi da sauran zanguna. Waɗanda suka tsira su ne masu saurin sauya hanya. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya riƙa tura goro ta jirgin ruwa daga Akara zuwa Legas, daga baya ya koma sayen gyaɗa a Kano bayan jirgin ƙasa ya iso. Sannan manoman ƙasar Yarbawa, wajen Agege da Shagamu, suka dasa irin goron Gwanja a farkon ƙarni na 20. Ƙasarsu ta karɓe shi, har Kano ta daina jiran ayari. Ashe noma kan doke fatauci, amma fa inda ƙasa ta yarda.

To, shin ƙasarmu ta yarda da shayi? Mu duba inda ya yi. A Kenya an fara dasa shi a Limuru a 1903, ya bunƙasa a Kericho, kan tudu mai tsayin kusan mita 2,000, inda ake sanyi da ruwan sama kusan duk shekara. Turawan mulki sun hana baƙar fata noma shi sai a shekarun 1950, kuma a 1964 aka kafa hukumar KTDA don ta haɗa ƙananan manoma da masana'antu. Yau Kenya na kan gaba wajen fitar da baƙin shayi a duniya, ana gwanjonsa a Mombasa. A Najeriya, tsaunin Mambila na Jihar Taraba ne gidansa, a Kakara kusa da Gembu, inda aka fara a shekarun 1970, kuma daga can Highland Tea ke fitowa. A Kamaru akwai gonakin Ndu da Tole. Duk wuraren nan abu ɗaya ya haɗa su: laima da yawan ruwa.

Itacen shayi yana son ruwan sama da ya wuce milimita 1,200 a shekara, wanda ya bazu cikin watanni, da ƙasa mai tsami. Sai ya yi kamar shekara 3 kafin a fara tsinkar ganye sosai. Ganyen da aka tsinka kuma dole ya isa masana'anta cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba ya lalace. Mu kuwa a Tempane da Garu da Bawku damina ɗaya gare mu, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sai hunturu ya busar da komai, sai zafin Maris da Afirilu. Ko an yi masa ban ruwa ya rayu, babu masana'antar da za a kai ganyen. Zafin nema ba ya kawo samu.

Shi ma shayin da muke sha baƙo ne, fatauci ya kawo shi. Koren ganyen ataya daga ƙasar Sin yake. Ya yaɗu a Maroko a tsakiyar ƙarni na 19, Larabawa da Buzaye suka ratso Sahara da shi. Baƙin shayi da madara da sukari kuma ya zo ne da kantunan Turawa, har Lipton ya zama sunan kowane ganye a bakin mutane. Yanzu kwalayen kan sauka a Tema ko Lome, su hau mota zuwa Sinkase da Bawku, daga nan su shigo hannunmu. Ribarmu tana tsakanin kwali da kofi: burodi, ƙwai, madara, da sanin wanda za a ba bashi har ranar kasuwa.

Sai dai kada masu son tebur su ɗauka sun ci gari. Abin da ya sami Salaga ya sha samunmu. A 1969 dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta raba iyalai da yawa da shagunansu cikin 'yan makonni. Daga Maris 2020 zuwa Maris 2022 iyakokin ƙasa na Gana suna rufe saboda korona. Duk lokacin da sidi ya faɗi a gaban sefa, sukari da madara sai su tashi, alhali mai shayi ba ya iya ƙara kuɗin kofi kullum. In kuma aka sa dokar hana fita a Bawku, wanda cinikinsa na asuba da dare ne shi ke fara kwana da yunwa.

Shawararmu a ofis ita ce mu bi sawun magabata da ido biyu. A ba matasa jarin tebur, amma a riƙa saro ganye da sukari a dunƙule da sunan ƙungiya don farashi ya sauka, kuma a ware wani abu na ranar da hanya za ta toshe. Masu sha'awar noma kuma kada su karaya. Ƙasar da ta fitar da albasar Bawku za ta ba da zoɓo da zogale da na'ana'a a lambun rani, ga kaji da zabi masu ba da ƙwai. Duk waɗannan suna da kasuwa a teburin mai shayi, kuma ba sa buƙatar takardar kwastan.

Magana tana hannun babban taro. Muna roƙon kowa ya zo da lissafinsa a rubuce, musamman iyayenmu da suka daɗe a kan tebur, domin su suka san ainihin abin da ke saura bayan an biya mai burodi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, Ya sa albarka a neman kowa, Ya zaunar da yankinmu lafiya.