Tarihin Dabarun Shimfiɗa Waya a Allon Lantarki

Shimfiɗa waya aiki ne da ke biyo bayan jera kayan lantarki a kan allo ko a cikin cip: a samar wa kowace waya hanyarta ba tare da ta taɓa wata ba. Da can injiniyoyi da hannu suke yi. Da kayan suka yi yawa sai aka miƙa wa kwamfuta.

Tushen fannin shi ne dabarar da C. Y. Lee na Bell Labs a Amurka ya wallafa a 1961, bayan aikin Edward Moore na 1959. Ana yanka allon gida-gida kamar na dara. Gidajen da ke maƙwabtaka da mafarin wayar a ba su lamba 1, na gaba da su 2, haka lambobin za su yi ta bazuwa suna kauce wa gidajen da aka toshe. Da zarar sun iso inda ake nufi, sai a juyo baya ana bin lambobin suna raguwa. In dai akwai hanya, dabarar za ta gano ta, kuma mafi gajarta. Aibinta cin wuri da lokaci: allo mai gida 1,000 a tsaye da 1,000 a kwance gida miliyan 1 ke nan, kwamfutocin lokacin kuwa ba su da wannan ƙarfin.

Shi ya sa aka shiga neman sauƙi. Mikami da Tabuchi a 1968, da David Hightower a 1969, suka bar ƙirga gidaje, suka koma jan dogayen layuka daga ɓangarorin biyu har su haɗu. Dabarar Hightower akwai sauri, amma takan rasa hanya alhali tana nan. A 1971 Hashimoto da Stevens suka fito da tsarin cusa wayoyi a lungun da ke tsakanin layukan kaya.

Wayar da za ta haɗa wurare uku ko fiye wani ciwon kai ne daban. Maurice Hanan ya nuna a 1966 cewa don samun hanya mafi gajarta, ya isa a nemi mararraba a inda layukan tsaye da na kwance na wuraren suka gitta juna. Duk da haka, a 1977 Garey da Johnson suka tabbatar matsalar na cikin waɗanda ba a san hanyar warware su da sauri ba.

Babbar wahalar dai ba a waya ɗaya take ba, wadda aka fara shimfiɗawa ita ke tare wa ta baya hanya. An daɗe ana tsige wasu a sake shimfiɗa su. A 1995 McMurchie da Ebeling na Jami'ar Washington suka kawo PathFinder: a bar wayoyi su yi cunkoso tukuna, sannan a riƙa tsawwala farashin wurin da ake rububi, har mai wata mafita ta kauce ta bar wa wadda ba ta da ita. Manhajoji da yawa na shimfiɗa waya a nau'in cip da ake kira FPGA a kan wannan tsari suka ginu.